Dannau, Barcin Doki da Idon da ba ya Kwanciya

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na dare, tsakiyar watan Afrilu, birnin Katsina bai gama hucewa ba. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, ɗakuna ba sa shiguwa, jama'a sun baje tabarmi a tsakar gida. A wani gidan haya na ɗalibai a kan hanyar Dutsin-ma, wani saurayi da ya raba dare yana karatun jarrabawa ya kife littafi, ya miƙe rigingine.

Bai jima ba ya farka. Yana ganin taurari, yana jin minsharin abokinsa, yana jin kiran assalatu daga wani masallaci can nesa. Amma hannu ya ƙi ɗaguwa, ƙafa ta ƙi motsi, bakin da zai yi salati ya ƙi buɗuwa. Wani abu mai nauyi ya zauna masa a ƙirji, kuma ko shakka ba ya yi akwai wani tsaye a saitin kansa. Bayan minti ɗaya ko biyu abin ya sake shi, ya tashi zumbur yana haki.

Da safe ba sai ya yi dogon bayani ba. Da ya ce "dannau ya taushe ni jiya", kowa ya gane, kuma da wuya a rasa wanda zai ce shi ma ya taɓa gamuwa da shi. Wani nazari da aka wallafa a 2011, wanda ya haɗa sakamakon bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna kusan mutum takwas cikin ɗari sun taɓa fuskantar wannan hali, amma a tsakanin ɗalibai adadin ya haura ɗaya cikin huɗu. A nan gida ma, binciken da likitan ƙwaƙwalwa Jude Ohaeri ya yi a kan ɗaliban likitanci a Ibadan a ƙarshen shekarun 1980 ya samu adadi makamancin wannan.

Akwai wani abu da masu ba da labarin dannau ba su cika lura da shi ba. Duk jikin ya sandare, amma numfashi bai tsaya ba, ido kuma yana juyawa yadda ya ga dama. Daga wannan idon masana suka kamo bakin zaren.

Dare ba iri ɗaya ba ne

Bahaushe ya ce barci ƙanin mutuwa. Har tsakiyar ƙarnin da ya wuce, likitocin duniya ma kusan haka suka ɗauka: mutum ya kwanta, ƙwaƙwalwa ta lafa, shi ke nan sai da safe.

A 1953 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Shikago, Eugene Aserinsky, da malaminsa Nathaniel Kleitman suka wallafa abin da ya rushe wannan zato. Aserinsky ya manna wayoyi a gefen idon masu barci, har da ɗansa ɗan shekara takwas, ya zauna yana kallon allurar na'ura tana zane a takarda. Ya ga cewa lokaci-lokaci idanun mai barci sukan shiga gilmawa da sauri a ƙarƙashin fata, hagu da dama, sama da ƙasa, ƙwaƙwalwa kuma ta kama aiki kamar ta wanda yake a farke. In aka tashi mutum a daidai wannan gaɓa, galibi sai ya ce mafarki yake yi.

Likitoci suna kiran wannan mataki REM. Mu kira shi barcin mafarki, ko da yake akan yi mafarki a sauran matakan ma, sai dai bai kai wannan armashi ba. A wajen baligi yakan fara zuwa kamar awa ɗaya da rabi bayan an kwanta, ya riƙa dawowa sau huɗu ko biyar kafin gari ya waye, kowane zuwa ya fi na baya tsawo. Mafi tsawonsa yana faɗowa ne gab da asuba. Jimilla yakan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na daren.

Jariri kuwa kusan rabin barcinsa irin wannan ne. Murmushin nan da 'yan mutsu-mutsun da uwa ke gani a fuskar jinjiri yana barci, har a ce mala'iku ne ke masa wasa, a wannan mataki suke faruwa.

Kyanwoyin birnin Liyon

Gano cewa ido na motsi abu ne guda. Gano wanda ke motsa shi ya ɗauki wani aikin. Wanda ya fi kowa taka rawa a nan shi ne wani Bafaranshe, Michel Jouvet, da ya yi aiki a kan kyanwoyi a Liyon.

A 1959 Jouvet ya lura cewa idan kyanwa ta shiga barcin mafarki, tsokar wuyanta takan saki gaba ɗaya, ba sauran ƙarfi ko kaɗan. Ya ci gaba da tiyata yana neman inda umarnin ke fitowa. Abin mamaki, ko da aka raba dabbar da manyan sassan ƙwaƙwalwarta na sama, inda tunani da gani suke, wannan saki na tsoka da gilmawar ido sun ci gaba da zuwa a kan lokacinsu. Ke nan agogon yana can ƙasa, a tushen ƙwaƙwalwa, wato ɗan sashen nan da ke bayan ƙeya wanda ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka. A jikin mutum tsawonsa bai wuce na babban yatsa da kaɗan ba, amma a nan ake sarrafa numfashi da bugun zuciya da haɗiya.

A cikin wannan tushe, a wani yanki da ake kira fons, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya da ke farkawa da zarar barcin mafarki ya kama. Su ne ke aika saƙo ƙasa zuwa laka, inda wasu sinadarai biyu, GABA da gilaisin, ke toshe jijiyoyin da ke ba tsoka umarni. A taƙaice dai ƙwaƙwalwa na yi wa jiki dabaibayi kafin ta saki mafarki, don kada wanda ya ga kura ta biyo shi ya tashi da gudu ya faɗa rijiya.

A 1965 Jouvet ya tabbatar da haka ta hanyar da ba a mantawa. Ya lalata wannan ɗan gungu a wasu kyanwoyi. Da barcin mafarki ya zo, sai kyanwar ta ɗaga kai, ta miƙe, ta yi laɓe, ta kai cafka ga ɓeran da babu shi, ko ta yi gashin fushi tana kare kanta, alhali barci take yi.

Dannau kuwa akasin wannan ne. Hankali ya riga ya farka, dabaibayin bai kwance ba tukuna. Tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari suna cikin waɗanda aka saki, numfashi ya rage ga tantanin da ke ƙasan huhu kawai, don haka duk ƙoƙarin jan dogon numfashi sai ya zama kamar an ɗora dutse a ƙirji. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro yana kan ganiyar aikinsa a wannan mataki, ragowar mafarki kuma na zubowa cikin ɗakin da ido ke gani da gaske. Daga nan inuwar nan da ke tsaye a bakin ƙofa take fitowa.

Me ya sa aka ƙyale ido?

Kowane ido tsoka shida ke juya shi, kuma jijiyoyin da ke ba su umarni daga tushen ƙwaƙwalwa suke fitowa kai tsaye, ba sa bi ta laka. Shi ya sa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko kowane asibiti, in aka kawo wanda ya yi haɗarin babur a sume, likita kan ɗaga fatar idonsa ya haska. Yadda idon ya amsa yana gaya masa ko tushen na da sauran lafiya.

Ko a farke ido ba ya tafiya sumul. Tsalle yake yi, kamar sau uku a kowace daƙiƙa, ya tsaya, ya sake tsalle. Wani likitan ido a Faris, Émile Javal, ya bayyana haka a kan masu karatu tun a ƙarshen shekarun 1870. Yanzu haka da mai karatu ke bin wannan layi, abin da idonsa ke yi ke nan. A shekarun 1970, binciken da aka yi a kan birai ya nuna yadda abin yake: akwai ƙwayoyin da ke riƙe da ido kullum suna hana shi zabura, akwai kuma waɗanda ke jiran waɗancan su yi shiru na ƙiftawa ɗaya su harba shi zuwa sabon wuri. Masu kula da hagu da dama suna fons, masu sama da ƙasa suna ɗan gaba kaɗan. Kuma a lokacin tsallen ƙwaƙwalwa na rage gani. Mutum ya tsaya gaban madubi ya dubi idonsa na hagu, ya koma na dama: ba zai taɓa kama su suna motsi ba, amma na kusa da shi zai gani sarai.

Abin da ya daɗe yana ba masana wahala shi ne wace ƙwaya ce ke tayar da wannan tsalle a cikin barci, inda babu abin kallo. A 2019 wasu masu bincike daga jami'o'in Fribourg da Bern a Suwizalan, cikinsu da Marco Celio da Antoine Adamantidis, suka ba da rahoton wani ɗan gungu a can ƙasan tushen ƙwaƙwalwa mai siffar fikafikan malam-buɗe-littafi. Sun same shi a ɓeraye, da birai, da mutane. Da suka kunna waɗannan ƙwayoyi da haske a cikin ɓera mai barcin mafarki, idanunsa suka ƙara gilmawa. Da suka kashe su, gilmawar ta ragu ƙwarai, amma barcin da sakin tsokar suka ci gaba kamar ba a yi komai ba. Wato mai juya ido daban, mai ɗaure jiki daban, ko da yake maƙwabta ne.

Saura tambayar da ta fi daɗi: shin idon na bin abin da ake gani a mafarki ne, ko kuwa rawar banza yake yi? Masana sun rabu. Masu cewa rawar banza ce suna kafa hujja da jarirai da waɗanda aka haifa makafi, domin su ma idanunsu kan motsa. Amma a 2022 Yuta Senzai da Massimo Scanziani na Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko suka auna ƙwayoyin da ke gaya wa ɓera inda kansa ya fuskanta. Suka tarar cewa a barcin mafarki, duk lokacin da waɗannan ƙwayoyi suka nuna ɓeran ya "waiga" dama, idonsa ma dama yake zabura, gwargwadon girman waigen, alhali kansa na ajiye bai motsa ba. A ganina wannan hujja ce mai nauyi, ko da yake ba wanda ya tambayi ɓeran me ya gani.

Mutane kuwa an tambaye su. A 2021 ɗakunan bincike huɗu a Amurka, Faransa, Jamus da Holan suka ba da rahoton cewa wasu masu iya gane cewa mafarki suke yi sun amsa ƙaramin lissafi suna tsakiyar barci. Aka ce takwas a cire shida, mai barci ya karkata ido hagu da dama sau biyu.

Abin da masu doki suka sani

A Katsina ba sai an je Liyon ba kafin a ga wannan al'amari a jikin dabba. Gari ne na doki, daga hawan sallah a Ƙofar Soro zuwa wasan folo da ya kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi har ƙasashen waje.

Kowa ya san doki na barci a tsaye. Yana da wasu jijiyoyi a ƙafa da ke kulle gaɓoɓi, ya yi gyangyaɗinsa ba tare da ya faɗi ba. Sai dai wannan kulli bai isa ya riƙe shi a barcin mafarki ba, tunda tsoka ke sakewa gaba ɗaya. Dole sai ya kwanta. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta yana bukatar kamar rabin awa na irin wannan barci a kwana. Wanda ya leƙa muri da tsakar dare ya tarar da ingarma ya miƙe a gefe, leɓe na rawa, ƙafa na shure-shure kaɗan, fatar ido na motsi, to ya ga abin da Aserinsky ya gani.

Doki na iya jinkirta wannan barci na 'yan kwanaki, amma ba har abada ba. In igiyar turke ta yi gajarta, ko ƙasan murin ya jiƙe, ko ciwon gaɓa ya sa tashi na masa wuya, ko an tara shi da baƙin dawaki bai saki jiki ba, kamar yadda akan yi a makon hawa, sai ya ƙi kwanciya. Daga baya barcin mafarkin ya kama shi a tsaye: kai ya sunkuya a hankali, gwiwoyin gaba su lanƙwashe, ya dungura, ya zabura. Gyambon da ba ya warkewa a gaban gwiwa ko idon sawu yakan zama shaidar haka. Mai doki zai ƙara harawa da dusa da kanwa, alhali abin da dabbar ke nema shi ne busasshen yashi da doguwar igiya.

Sauran dabbobi ma kowa da nasa. Paul Manger na Jami'ar Witwatersrand da abokan aikinsa sun bi giwaye mata biyu a dajin Chobe na Botsuwana, suka wallafa a 2017 cewa barcinsu bai wuce awa biyu a kwana ba, kuma sai bayan kwana uku ko huɗu suke kwanciya ƙasa. A 2016 an gano makamancin barcin mafarki a wani ƙadangaren Ostireliya, dangin jan gwadan da ke gyaɗa kai a katangunmu. A 2022 har a wani ƙaramin gizo-gizo aka ga alamarsa.

Masu tsinka mana dare

Dannau bai cika zuwa wa wanda ke kwana a kan lokaci ya ƙoshi da barci ba. Wanda ya ci bashin barci yake nema, domin ƙwaƙwalwar da aka hana barcin mafarki takan faɗa cikinsa da gaggawa da zarar ta samu dama, a nan ne shiga da fita ke cakuɗewa. Kwanciya rigingine ma na ƙara kawo shi.

In aka dubi yadda ake kwana a Katsina, ba abin mamaki ba ne. Zafin bazara da ke kaiwa digiri 40, sauro, ƙarar janareto, waya a hannu har ƙarfe biyu. Masu gadi, ma'aikatan jinya, direbobin da ke kwana a hanyar Kano ko Jibiya. A watan azumi dare kan kasu gida uku tsakanin asham, tahajjud da sahur, sannan a koma barci bayan asuba, daidai lokacin da barcin mafarki ya fi ƙarfi.

Sai ƙwayoyi. Tiramadol, kodin da wiwi duk suna danne barcin mafarki. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma ba wanda zai ce shaye-shaye ya ƙare. Yaron da ya daina sha yakan yi kwanaki yana munanan mafarkai, domin abin da aka danne ne ke dawowa da ƙarfi. In ba a gaya wa iyayensa haka ba, sai su ce ga shi an raba shi da ƙwaya amma iska ta shige shi.

Mafi nauyi shi ne tsoro. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukan Batsari, Safana da Jibiya sun raɓu da 'yan uwa a birni saboda 'yan bindiga. Ɗalibai sama da 300 aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Binciken da Devon Hinton ya yi a kan 'yan gudun hijirar Kambodiya da ke zuwa wani asibiti a Amurka ya nuna kusan biyu cikin biyar na fama da dannau, kuma ya fi tsanani ga waɗanda suka ga tashin hankali da idonsu. Matar da ta kwana a daji da goyo ba za ta rasa abin da zai tsaya mata a kai da dare ba.

Tsakanin malam da likita

Mafi yawan waɗanda dannau ya dama ba sa zuwa asibiti. Wajen malam suke zuwa, a yi tofi, a ba da rubutu ko hayaƙi, wani lokaci a kai ga ruƙiyya. Ba mu kaɗai ba ne: binciken Baland Jalal a Masar ya nuna kusan rabin waɗanda aka tambaya aljani suke dangantawa da shi. Ya kuma gano cewa Misirawa sun fi mutanen Denmak tsoronsa, sun kuma fi su yawan gamuwa da shi. Tsoron na hana barci, rashin barcin na sake kawo shi.

Abin lura shi ne likitocin Musulunci na da can sun ɗauke shi a matsayin larurar jiki. Akhawaini na Bukhara a ƙarni na 10, da Ibn Sina bayansa, duk sun yi bayaninsa a littattafansu na likitanci da sunan kabus. Kuma ladubban kwanciya da malamai ke koyarwa, a kwanta da wuri bayan isha'i, a kwanta a gefen dama, a yi addu'a, in an yi mummunan mafarki a juya ɗaya gefen, likitan barci ba zai soke ko ɗaya ba. Inda ake samun matsala shi ne wajen masu mayar da abin sana'a, su ce wa yarinya tana da mijin aljani, su ƙara mata fargabar da ita ce tushen larurar. Dannau shi kaɗai ba ya kisa, ba ya kuma haukatarwa. Sai in yana zuwa a kai a kai tare da barci mai kayar da mutum da rana tsaka ne ya kamata a nemi likita, domin hakan na iya zama alamar wata cutar barci.

Dattijon da ke dambe a mafarki

Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda ba a ɗauka da muhimmanci. A 1986 likitoci biyu a Minesota, Carlos Schenck da Mark Mahowald, suka bayyana marasa lafiyar da ke yin abin da kyanwoyin Jouvet suka yi: yawanci maza ne da suka haura hamsin, masu haƙuri da rana, amma da dare su yi ihu, su kai naushi, su shuri matansu, su faɗo daga gado, in an tashe su su ce ɓarayi suke kora. Ƙwayoyin da ke ɗaure jiki ne suka fara lalacewa.

Wani babban bincike na ƙasashe da yawa da aka wallafa a 2019 ya nuna kusan uku cikin huɗu na masu wannan larura sun kamu da cutar karkarwa ta Fakinsin ko wata cutar mantuwa mai alaƙa da ita cikin shekara 12. Lalacewar takan fara daga tushen ƙwaƙwalwa ta hau sama, shekaru kafin hannu ya fara rawa.

Akwai magungunan da ke rage wannan dambe, akwai kuma matakan kariya masu sauƙi: a sauko da katifa ƙasa, a kawar da wuƙa da sanda daga kusa, uwargida ta raba shimfiɗa in abin ya tsananta. Na'urar gwajin barci ba ta da yawa a Najeriya, don haka likita kan dogara ne da bayanin wanda ke kwana kusa da mara lafiya. A gidajenmu kuwa wannan magana ce ta cikin ɗaki, da wuya Hajiya ta iya buɗe baki gaban likita ta ce Alhaji na dukanta cikin barci, shi kuwa Alhajin bai ma san yana yi ba.